Daga Rinin Jamus Zuwa Awon Ciki a Kwadaso: Tarihin Sinadarin PABA

Wannan labari daga rini ya samo asali, kuma zazzaɓin cizon sauro ne ya haddasa shi. A shekarar 1856 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, ya duƙufa yana neman haɗa kwinin daga sinadaran da ake tatsa a jikin kwaltar gawayin ƙasa. Turawa na cikin tsananin bukatar kwinin a lokacin, domin zazzaɓi ya fi mashi da bindiga tsare musu hanyar shiga Afirka ta Yamma. Perkin bai sami kwinin ba. Wani baƙin dagwalo ne ya kwanta masa a gindin kwalba, wanda da ya narkar da shi sai ya ba da launin shunayya mai kama siliki. Kwinin ya ci gaba da fitowa daga ɓawon itace kamar da, kuma shi sojojin Garnet Wolseley suka riƙa sha a 1874 lokacin da suka ratso kurmi suka ƙone Kumasi. Shi kuwa dagwalon Perkin sai ya haifi sana'ar rinin masana'anta, Jamusawa suka karɓe ta suka yi wa kowa zarra. A 1897 kamfanin BASF ya kawo babansa na haɗi kasuwa, abin da ya karya manoman baba a Indiya, sannu a hankali kuma ya iso har karofin Kano.

Cikin ɗaruruwan sinadaran da aka sarrafa a wancan zamani akwai wani farin gari mai suna fara-aminobenzoyik asid, wanda masana ke taƙaitawa da PABA. Ƙirarsa ba ta da wuya: zobe ne mai kusurwa shida, da rassa biyu masu fuskantar juna, ɗaya na amino ɗaya na asid. Amfaninsa na farko a wajen kashe zafi aka gan shi. A 1890 Eduard Ritsert ya haɗa benzokein daga gare shi, a 1905 kuma Alfred Einhorn ya fito da furokein, wanda aka sayar da sunan Novocain, allurar da masu cire haƙori suka shekara da shekaru suna dogaro da ita. Duk wanda ya taɓa shan allurar furokein fenisilin a ɗuwawu, jikinsa ya farfasa furokein ɗin ya saki PABA a cikin jini bai sani ba.

A 1908 wani ɗalibi a Ostiriya, Paul Gelmo, ya haɗa wani sinadari mai irin wannan zobe, sai dai a gurbin reshen asid akwai reshe mai ɗauke da farar wuta. Sunansa salfanilamaid. Ya rubuta shi a kundin digirinsa, masu rini suka ɗan yi amfani da shi, aka ajiye. Shekara ashirin da bakwai maganin da zai ceci miliyoyin rayuka yana zaune a kan kanta ba wanda ya gwada shi a kan cuta.

A waɗannan shekaru ne Zangon Kumasi ya kafu sosai. Fataken goro Hausawa sun daɗe suna hulɗa da Tonawa, wato mutanen Asante, ta hanyar Salaga, amma yaƙin basasar Salaga na 1892, da kama Asantehene Prempeh na Ɗaya a 1896, da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, da isowar jirgin ƙasa a 1903, su ne suka buɗe garin ga baƙi daga arewa. Jama'a ta taru, gidaje suka cushe. A 1924 annoba ta ɓarke a Kumasi, hukuma ta rushe wani sashe na Zango ta gina sabo. Abin da likitan wancan lokaci ke iyawa ke nan: killacewa, ƙonawa, rushewa. Idan ƙwayar cuta ta shiga jinin mai jego, ko ciwon haƙarƙari ya kama dattijo, likitan Bature da mai maganin gargajiya kusan matsayinsu ɗaya, kowa jira yake ya ga abin da Allah zai yi.

Jan rini, 1932 zuwa 1939

A ƙarshen 1932, a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin Bayer a Jamus, Josef Klarer da Fritz Mietzsch suka haɗa wani jan rini suka miƙa wa likita Gerhard Domagk. Ya ba ɓerayen da aka sa wa mugunyar ƙwayar cuta. Waɗanda suka sami rinin suka rayu, sauran suka mutu. A watan Fabrairun 1935 aka buga sakamakon, aka sa wa maganin suna Prontosil. Ana ba da labarin cewa 'yar Domagk ƙarama ta soke hannu da allura, ciwon ya ruɓe har likitoci suka fara maganar yanke hannun, uban ya ba ta jan maganin ta warke. Abin da ke rubuce ba tantama shi ne an ba shi kyautar Nobel a 1939, gwamnatin Hitler ta tilasta masa ƙin karɓa, sai a 1947 ya je ya amshi lambar.

Akwai wani abin ɗaure kai game da Prontosil: yana aiki a jikin dabba, amma idan an zuba shi kan ƙwayoyin cuta a kwalba ba ya taɓa su. Masana a Cibiyar Pasteur ta Faransa ne suka warware wannan kafin 1935 ta ƙare, wato Jacques Tréfouël da matarsa Thérèse, da Daniel Bovet da Federico Nitti. Sun nuna jiki ne ke raba rinin gida biyu, kuma rabin da ke aiki ba shi da launi ko kaɗan: salfanilamaid ne, tsohon haɗin Gelmo. Tun da ba mai sauran iko a kansa, kowane kamfani ya shiga yi. A 1938 May & Baker na Ingila ya fito da M&B 693 na ciwon haƙarƙari. Akwai tatsuniyar da ta yaɗu cewa fenisilin ne ya ceci Churchill da ya kwanta rashin lafiya a Tunisiya a Disambar 1943; bayanan likitocinsa sun nuna M&B ya sha. A 1944 kamfanin ya buɗe reshe a Legas, sunan M&B kuma ya zama ruwan dare a Afirka ta Yamma. Inda aka fi ganin amfaninsa a wajenmu shi ne sanƙarau. Kafin zuwansa, mafi yawan wanda ciwon ya kama a lokacin annoba ba ya tashi. A annobar shekarun 1940 a arewacin Gana da arewacin Najeriya, ƙwayoyin salfa sun rage mace-macen ƙwarai da gaske.

Shekarar 1940

Har zuwa wannan lokaci ba wanda ya san yadda maganin ke aiki. An dai lura cewa yana yin rauni a cikin mugunya da ruɓaɓɓen nama, kuma ruwan yis na karya shi. Wani matashin masani a Landan, Donald Woods, da ke aiki a ƙarƙashin Paul Fildes a asibitin Middlesex, ya ce sai ya gano abin da ke cikin yis ɗin. Ya bi shi da tacewa da gwaji, ya ga abin ƙarami ne, zafi ba ya lalata shi, yana da halin asid, yana kuma ɗauke da reshen amino a jikin zobe. Sai ya yi tunani: tun da yana ja-in-ja da salfanilamaid, watakila kamarsu ɗaya. Ya ɗauko PABA ya ɗiga a kwalbar gwaji. Ƙwayoyin cutar da salfa ta tsayar suka farfaɗo suka ci gaba da hayayyafa. Ɗan kaɗan ma ya isa, domin ƙwaya ɗaya ta PABA na iya rinjayar dubban ƙwayoyin salfa.

Fassarar da Woods ya yi a 1940 ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Ƙwayar cuta na bukatar PABA don ta rayu. Salfa kuwa jabun PABA ce, kamar jabun kuɗi a hannun mai kanti: ya karɓa da murna, ya je saro kaya a ƙi karɓa, ciniki ya tsaya. Salfa ba ta kashe ƙwayar cuta kai tsaye, hana ta yaɗuwa take yi har garkuwar jiki ta gama da ita. A wannan shekara Fildes ya ɗora da shawarar da ta sauya sana'ar haɗa magani: a daina gwada dubban sinadarai da ka, a binciko abin da ƙwayar cuta ba ta iya rayuwa sai da shi, a ƙera mai kama da shi. A ganina wannan ya fi Prontosil kansa muhimmanci, ko da yake sunan Woods bai yi tashe kamar na Domagk ba.

Saura tambaya ɗaya: me ƙwayar cuta ke yi da PABA? Amsar ta ɓullo ta wata hanya dabam. A 1931 likita Lucy Wills, tana aiki da mata masu ciki a Bombai ta Indiya, ta gano cewa wani abu a cikin yis na warkar da irin ƙarancin jinin da ke kashe su. A 1941 masana a Amurka suka tace shi daga tan huɗu na ganyen alayyafo suka sa masa suna folik asid. Da aka gano ƙirarsa a tsakiyar shekarun 1940, sai ga PABA zaune a tsakiyarsa. Nan komai ya fito fili. Ƙwayar cuta da kanta take ƙera folik asid, don haka dole ta sami PABA. Ɗan Adam kuwa ba ya ƙerawa, a abinci yake samunsa a shirye, daga ganye da wake da hanta. Shi ya sa salfa ke toshe wa ƙwayar cuta hanya ta bar mai shan ta.

An ɗan yi ruɗani a tsakani. A 1941 aka ruwaito cewa PABA na mayar da baƙin gashi ga ɓerayen da suka yi furfura, 'yan kasuwa suka kira shi bitamin suka sayar wa masu gudun tsufa. Ba bitamin ba ne ga mutum, furfura kuma tana nan. An kuma daɗe ana sa shi a man kare fata daga rana, aka rage saboda ƙaiƙayin da yake jawo wa wasu.

Daga shawarar Fildes da irinta magunguna suka yi ta fitowa. Jörgen Lehmann a Suwidin ya kawo PAS na tarin fuka a 1944, wanda shi ma ɗan uwan PABA ne a ƙira. Dafson na kuturta ƙofa ɗaya yake toshewa da salfa, kuma a Uzuakoli ta gabashin Najeriya ne John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya haɗiyarsa kaɗan-kaɗan ba tare da ya yi illa ba, abin da ya sa aka iya kai magani ga kutare a ƙauyukansu. George Hitchings da Gertrude Elion suka nufi ƙofa ta gaba a wannan hanya ta folik asid, suka samar da firimetamin na zazzaɓi a farkon shekarun 1950, daga baya tirimetofirim, wanda aka gama da salfa ya zama Septrin da kowa ya sani. Sun sami Nobel a 1988.

PABA a kan teburin gwaji

Shi kansa PABA bai zama babban magani ba. Kayan aiki ya zama. A 1941 George Beadle da Edward Tatum a Amurka suka haska wa fumfunar burodi hasken hoton ƙashi don su lalata ƙwayoyin gadonta, sannan suka nemi waɗanda suka kasa tsiro sai an ƙara musu wani abu a abinci. Cikin ukun farko da suka samu, ɗaya PABA take bukata. Da wannan suka kafa hujjar cewa kowace ƙwayar gado na da sinadarin aiki guda da take sarrafawa, aikin da ya ba su Nobel a 1958.

A 1941 ɗin dai John Howard Mueller da Jane Hinton a Harvard suka haɗa wani abincin shuka ƙwayoyin cuta daga romon naman sa da sitaci da furotin na madara. Jane Hinton baƙar fata ce, kuma daga baya ta zama ɗaya daga matan farko baƙaƙe likitocin dabbobi a Amurka. Albarkar haɗin nasu ita ce ba shi da yawan abubuwan da ke karya salfa, PABA na cikinsu. Saboda haka har yau shi ne ma'auni a duniya. Wanda ya leƙa ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta a babban asibiti zai ga yadda ake yi. Ma'aikaci zai ɗauki ƙwayar da aka samu a fitsari ko jinin majinyaci ya shafe farantin da ita da auduga, ya jera 'yan ƙananan takardu masu zagaye, kowace da nata magani, ya rufe ya sa a akwatin ɗumi ya kwana. Da safe zai ɗaga farantin ga haske ya auna da rula faɗin filin da ya washe a kewayen kowace takarda. Fili mai faɗi na nufin maganin na ci. Da abincin na cike da PABA, da ƙwayoyin sun tsiro har gindin takardar Septrin, a rubuta wa likita cewa maganin ya mutu alhali da ransa. A da ma akan yi akasin haka da gangan: a ɗiga PABA a kwalbar shukar jini don ya kashe kaifin salfar da majinyaci ya riga ya sha, ƙwayar cutar ta samu ta bayyana. Masu binciken abinci kuma, tun daga aikin Sheila Bingham da John Cummings a 1983, suna ba mutum ƙwayoyin PABA uku masu miligiram 80 a yini, domin kusan duka yana fita a fitsari. Idan an auna an ga ya gaza, an san mutumin bai tara fitsarinsa na awa 24 cif ba.

Labarin da ya fi shafarmu shi ne na madara. A 1952 Brian Maegraith da abokan aikinsa a Liverpool suka lura cewa ɓerayen da ake ciyarwa da madara zalla ba sa kamuwa sosai da zazzaɓin ɓeraye. Frank Hawking a Landan ya bi sawu a 1953 da 1954, ya nuna dalili: madara ba ta da PABA sai ɗan mitsitsi, kuma da ya ƙara shi a cikinta sai zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa. Tun daga nan masu binciken zazzaɓi kan sa PABA a ruwan shan ɓerayen gwaji, har da ruwan sukarin da ake ba sauron da ake kiwo. Wasu masana na ganin wannan na cikin dalilan da suka sa jariri mai shan nono zalla bai cika yin zazzaɓi mai tsanani a watannin farko ba, tare da garkuwar da ya gada daga uwa. An kuma tabbatar a Burkina Faso a 1996 cewa Fulani ba su kai maƙwabtansu Mosawa kamuwa da zazzaɓi ba. Ana cewa shan nono ne. Abin da binciken ya nuna bambancin garkuwar jiki ne. Kada wani ya ɗauka madara maganin zazzaɓi ce.

Kumasi ta shiga fage

A 1952 aka buɗe Kwalejin Fasaha ta Kumasi, wadda ta zama jami'ar KNUST, a 1953 kuma aka dawo da makarantar haɗa magunguna daga Korle Bu zuwa cikinta. A tsakiyar shekarun 1950 aka kammala babban asibitin gari, wanda har yanzu tsofaffi ke kira Gee da sunan kamfanin da ya gina shi. A harabarsa akwai takobin da Tonawa ke cewa Okomfo Anokye ne ya kafa shi a ƙasa, kuma ba mai iya zare shi. Wannan zancen gargajiya ne. Abin da ke a rubuce shi ne asibitin ya zama na koyarwa a 1975.

Shekaru masu yawa kulorokwin ne maganin zazzaɓi a kowane gida. A 1986 aka fara ba da rahoton ya fara gazawa a Gana, a 2004 gwamnati ta sauya zuwa haɗin atesunet da amodayakwin. Amma mai ciki na bukatar rigakafi mai sauƙi da za a sha sau ɗaya ya daɗe a jini, sai aka koma ga Fansidar, haɗin salfadoksin miligiram 500 da firimetamin miligiram 25. Na farko jabun PABA ne, na biyu na tare ƙofa ta gaba. Gana ta ɗauki wannan tsari a 2003. Yau idan mace ta je awon ciki a wata unguwa ta Kumasi, Kwadaso ko Aboabo ko Asawase, daga wata na huɗu, nas za ta duba katinta, ta ɓallo fararen ƙwayoyi uku ta zuba mata a tafin hannu, ta tsaya sai ta ga ta haɗiye da ruwa, sannan ta rubuta ranar dawowa bayan wata guda. Ba a ba ta ta tafi da su gida.

Tun 1997 akwai cibiyar bincike ta KCCR a harabar KNUST, haɗin gwiwar jami'ar da Ma'aikatar Lafiya da Cibiyar Bernhard Nocht ta Hamburg. Daga nan aka gudanar da gwaji kan jarirai 1,070 a gundumar Afigya Sekyere, ana ba su Fansidar a wata 3 da 9 da 15. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna zazzaɓi ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Masu binciken sun kuma ga abin damuwa: tun kafin a fara rabon maganin, yawancin ƙwayoyin zazzaɓin yankin Asante na ɗauke da sauye-sauyen gado masu rage masa kaifi. Ƙwayar ta ɗan gyara sinadarin da ke karɓar PABA, ta yadda yake gane na gaske ya bar jabu. Sauyin gadon da masana ke kira lamba 437 ya game Afirka ta Yamma. Na lamba 540, wanda ya fi muni, ya fi yawa a gabashin nahiyar, a nan kuwa bai yi yawa ba. Wannan tazara ce ta sa maganin ke da sauran amfani a wajenmu, kuma ita ta ba Hukumar Lafiya ta Duniya damar ba da shawara a 2012 a riƙa ba yaran Sahel shi tare da amodayakwin kowane wata a damina. An fara a Katsina da Nijar a 2013, a yammacin arewacin Gana a 2015. Kumasi ba ta cikin tsarin, domin a kurmi sauro ba ya hutu.

Tazarar nan na iya rufewa, kuma da hannunmu. Salfa ta riga ta rasa sanƙarau tun shekarun 1960. Duk wanda ya sayi Fansidar a kantin magani don jikinsa ya yi zafi, ko ya sha Septrin kwana biyu ya ajiye, ko mai kiwon kaji da ke zuba salfa a ruwan tsaki ba bisa ƙa'ida ba, yana koya wa ƙwayoyin cuta gane jabu ne. A Kwadaso, inda Kwalejin Aikin Gona da Cibiyar Binciken Ƙasar Noma suke, ya kamata wannan magana ta kai kunnen makiyayi kamar yadda take kai wa na nas.

Ga masu ciki akwai abu guda da ya fito kai tsaye daga gwajin Woods. Folik asid mai yawa na karya Fansidar, domin ƙwayar zazzaɓi na iya tsintarsa a jini ta kewaye ƙofar da aka toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miligiram 0.4 a rana ba ya hana maganin aiki, amma miligiram 5 na rage shi. Wadda ke shan Septrin kullum kuma ba a haɗa mata da Fansidar. Akwai matan da likita ke ba babban awon folik asid da dalili, musamman masu amosanin jini, waɗanda ba su da kaɗan a Kumasi, garin da aka fara gwajin jarirai don wannan ciwo tun 1995. Don haka 'yar'uwa, kada ki daina kowace ƙwaya da ra'ayin kanki, kada kuma ki ƙara wata daga kanti. Ki tattara duk abin da kike sha ki kai wa nas ranar awo ta duba. Maigida, kai kuma ka tabbatar ta je, kowane wata har ta sauka.